A Dawo Jiratawa a Gyara Maganar da Aka Faɗa Kan Matata

Zuwa ga Mai Girma Daraktan projen da ya ɗibi jinin mata da jarirai a Jiratawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Sunana Sanusi, manomin albasa da tattasai ne ni a gonakin ban ruwa na Jiratawa. Na rubuto ne a kan matata Rabi da ɗiyarmu Hadiza.

Na farko. Shekarar da Rabi ta ɗauki cikin Hadiza, siyasa ta rikice, kuran, wato wutar lantarki, ya yi ta ɗaukewa, injinan ban ruwa suka tsaya, shuka ta ƙone muna kallo. Abincin da aka samu, Rabi takan tura wa yara nata kason ta ce ta ƙoshi. Aka haifi Hadiza 'yar ƙarama ƙwarai. Ba da jimawa ba mutanenka suka zo da mota fara, suka ɗibi jinin uwa da ɗiya, suka ba mu sabulu. Sabulun yana da kyau, mun gode.

Na biyu. Ran nan an tara jama'a gaban likita, wato asibitinmu, wata lokotoro daga cikin likitocinku ta yi dogon bayani da Faransanci har ta sha ruwa a tsakiya. Tafinta ya karɓi lasifika ya ce duk abin da uwa ta yi wa cikinta, shi ke bin ɗa har kabari. Iyakar fassarar ke nan. Mata suka juya suka dubi Rabi, don kowa ya san ɗiyarta ce mafi ƙanƙanta a layin.

Tun daga ranar masu ciki suka daina sayen ƙosanta. In ta je suna, ba a miƙa mata jariri. Mahaifiyata, wadda a da ba ta cin tuwo sai na hannun Rabi, ta fara tambayata ko me yarinyar nan ta ci a ɓoye. Rabi ta kife kaskon ƙosai, ta daina fita.

Na uku. Na tafi unguwar Zariya a cikin birni wurin Mushe (wato Malam) Iliya, mutumin Tibiri, malamin kimiyya a lise, babbar sakandare, wanda muka yi lakwal, wato boko, tare kafin in koma gona. Ya ce mini a kwanakin farko ɗan tayi ƙwayoyi ne kaɗan, kowace tana iya zama ƙashi ko ido ko jini. Gadon da ke cikinsu, wanda suke kira ADN, iri ɗaya ne. Sai jiki ya goge tsofaffin alamomin da ke kansa ya sa sababbi, su ne ke nuna wane sashe zai yi aiki, wane zai yi shiru. Sunan abin metilasiyo. Ya ce yunwa tana iya taɓa alamomin, kuma ana sa su tun mace ba ta san tana da ciki ba. Ya ce uba ma yana kawo nasa, kuma ba a yanke hukunci a kan yaro guda. Na tambaye shi ina laifin Rabi a ciki. Ya ce bai ga wurin ba.

Na kai wa mahaifiyata wannan bayani. Ta ce Iliya abokina ne, kuma ba shi da mota fara.

Na huɗu. Na je biro ɗinku, wato ofishin proje, a Sabon Gari neman sakamako. Mai gadi ya ce tun da sojoji suka karɓi mulki masu ba da tallafi suka janye, proje ya tashi. Yanzu taki ake sayarwa a wurin. Na sayi buhu guda, tunda na riga na zo.

Buƙatuna ba su da yawa. A dawo Jiratawa, gaban likitar nan, da lasifikar nan, a faɗi bayanin duka da Hausa, a bakin wanda ba ya sauri. A gaya mana abin da aka gani a jinin, ko da ba a ga komai ba. In za a ambaci abin da uwa ba ta ci ba, a ambaci dalilin da ya sa babu shi.

Hadiza dai tana nan, ta shiga lakwal. Gajera ce, kuma malaminta ya kira ni don ta kayar da ɗan wani. Ita ba ta buƙatar komai daga gare ku. Uwarta ce ke son ta je suna a miƙa mata jariri.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya sa wannan takarda ta same ka duk inda proje ya koma.

Wassalam.

Sanusi, manomi, Jiratawa