Akwatin Kiɗa a Bayan Kujera

Zuwa ga ƙanina Auta,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara da jikoki, kamar yadda muke nan lafiya lau. Yaya gwiwar taka? An ce likita ya hana ka hawa bene. Ni dai a sanina ba ka taɓa son hawan ba tun gwiwoyin suna sababbi.

Bayan gaisuwa, akwai wata magana da na taɓa ji shekara talatin da 'yan kai, a bakin wani direban tanka da yakan kawo mini gyaran kujeru. Ya ce wai kurma yana jin kiɗa. Wai ba da kunne ba, da ƙirji da ƙashin baya, in dai kiɗan ya yi nauyi. Mutumin nan kuwa shi ne ya taɓa rantse mini cewa ya yi tafiyar kwana biyu a kan taya uku, don haka na ajiye maganar inda nake ajiye sauran maganganunsa. Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya ban taɓa ba shi gaskiya ba.

To ga ni yau, da furfurata, ina auna but ɗin motata da tef saboda maganarsa.

Ka san halin da yayarka take ciki. Shekara huɗu ke nan da zazzaɓin nan ya tafi da kunnuwanta duka biyu. Mun saba. Ni ina rubuta mata magana da fensirin aiki a kan guntayen katako, ita tana ba ni amsa da baki, kuma har gobe ita ke cin gardama, don kafin in gama layi ɗaya ta yi goma. Abin da na kasa sabawa da shi, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai kai yau, shi ne shirun safiya. A hannunta ka tashi, ka san ba ta iya shara ba sai da waƙa a bakinta. Shekara arba'in da ɗaya da wannan waƙar nake buɗe shago. Ranar da ta daina ji, ranar ta daina yi. Ta ce ba za ta yi waƙar da ba ta san yadda take fita ba, mutane su riƙa tausaya mata ta bayan katanga. Rediyonta ma ta ba maƙwabciya. Yanzu tsintsiya kawai nake ji, shar, shar, sai ka ce a asibiti.

Makon jiya muna zaune a zaure, wata mota ta ratso layinmu da irin kiɗan nan da ke sa gilashin taga rawa. Na buɗe baki zan yi wa mai motar addu'ar da ta dace da shi, sai na ga yayarka ta ɗago kai daga ɗinkinta ta ce, "Wa ke buga ƙofa?" Auta, ba wanda ya buga ƙofa.

Washegari na tsallaka titi wurin Mai Wayarin, wannan mai tumbin da shagonsa ke kallon nawa, wanda ya gyara maka fitilar mota har ta daina kamawa gaba ɗaya. Ya saurare ni bai yi dariya ba, abin da ya ba ni mamaki. Ya ce akwai wata babbar lasifika, faɗinta ya kai faranti, ana ce mata wufa, ba ta fitar da komai sai gurnanin ƙasan kiɗa. Tana buƙatar amfilifaya da za ta tura ta, da waya mai kauri daga batir, da akwatin katako da za ta zauna a ciki. Ya ce akwatin nan shi ne rabin aikin. Sannan ya ƙara da cewa, "Wannan naka ne, Baba Kafinta, in dai hannun bai manta ba." Ka ji mini rashin kunya.

Kada ka gaya mata. In abin bai yi ba, gara ta ɗauka tsufa ne ya taɓa mini kai.

Ka gaishe da mutanen gida duka, babba da yaro.

Naka,
Kafinta, mijin yayarka

*

Zuwa ga ƙanina Auta,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Wasiƙarka ta iso, na kuma karanta inda ka ce in nemi likitan ƙwaƙwalwa tun da sauran lokaci. Na gode da kulawa. Yaya mai ɗakinka da haƙuri da kai?

An gama akwati. Mai Wayarin ya ba ni awo a bayan kwalin fis, na zaɓi katako mai kauri wanda na daɗe ina ɓoyewa, na yanka, na haɗa da gam da sukuru, na bi kowane lungu na toshe yadda ko numfashi ba zai fita ba. Har fenti mai sheƙi na shafa masa, ko da yake a cikin but zai ƙare rayuwarsa ba mai ganinsa. Yayarka ta leƙo ta tambaye ni na wane ne. Na rubuta mata cewa na wani attajiri ne. Ta ce attajirin nan gajere ne ƙwarai.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. A cikin awon akwai wani rami zagayayye a gefe, da guntun bututu a cikinsa, kuma wai a buɗe za a bar shi. Ni kuwa shekara arba'in da biyar ina wannan sana'a ban taɓa miƙa wa mutum akwati da rami a jiki ba. Ɓera fa? Sai na yi masa 'yar ƙofa mai kyau, da 'yar sakata. Da Mai Wayarin ya gani, dariya ta kayar da shi a kan tsohuwar taya. Da ya samu numfashi ya ce, "Baba, wannan hancinta ne. Ta nan take shaƙa ta fitar. Kai za ka yarda a sa wa hancinka sakata?" Na cire ƙofar. Tana nan a aljihun tebur, ban yar ba, aiki ne mai kyau.

Shi ma a nasa ɓangaren ba zan rage masa ba. Ya jawo jar waya mai kaurin ɗan yatsa daga batir, ya sa mata fis tun a kusa da batirin don kada mota ta kama wuta, ya bi da ita ta ƙarƙashin kafet har but, ba ka ganin ko alamarta. Baƙar wayar kuma ya kankare fenti ya ɗaure ta a jikin ƙarfen mota. Da ya gama sai ya kawo soso da roba ya shimfiɗa a ƙarƙashin akwatin, ya cusa tsakaninsa da kujera, ya liƙa a murfin but. Wannan shi ne abin taƙamarsa a garin nan: motar da ta fito daga hannunsa, komai ƙarfin kiɗa, ba ka jin ko ƙusa ɗaya tana kaɗawa.

Akwai wani tsohon kaset mai jan bango da yayarka take so, wanda ake buɗe shi da babbar ganga. Na tono shi daga ƙasan adaka, Mai Wayarin ya san yadda ya yi ya juye shi a wayar hannu. Ran Asabar da hantsi na jawo yayarka da dabara, na zaunar da ita a kujerar baya, na rufe ƙofa. Mai Wayarin ya kunna.

Auta, kajin layinmu har yau ba su dawo duka ba. Maƙwabcinmu Tela ya fito da almakashi a hannu yana tambayar inda aka yi hatsari. Ni da nake gaba sai da na ji haƙorana biyun da suka rage suna gaisawa. Na waiwaya. Yayarka tana zaune, hannu biyu a cinya, tana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Ta gane abin da muka yi, ba wawuya ba ce. Sai ta yi mini murmushin nan da take yi wa baƙi, ta ce, "Da daɗi ko?" Can kuma ta ce, "In an gama, na bar ruwa a wuta."

Ta fita ta rufe ƙofar a hankali. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mai Wayarin ya ce a ƙara wufa ta biyu. Na ce a'a, unguwa ba ta yi mana laifin komai ba. Da alama direban tanka ya sake yi mini ita, daga cikin kabari.

A gaida yara. Ka yi mana addu'a, ka rage dariya.

Naka,
Kafinta

*

Zuwa ga ƙanina Auta,

Gaisuwa irin ta wanda bakinsa ya ƙi rufuwa. Ina fata kuna lafiya, gwiwa ta yi sauƙi. Nemi wuri ka zauna, ka kira mai ɗakinka, wannan ba ta karatun tsaye ba ce.

Ka san bangon katako ne ya raba shagona da ɗakin girki, kuma teburin aikina a jikinsa yake kafe. Shekara huɗun nan, duk sanda na ajiye kayan aiki sai ga yayarka da shayi, ba ta taɓa yin latti ba, ni kuma ban taɓa tambayar kaina yadda take sani ba. Miji ke nan. Ran Litinin na bar Tela yana buga mini wata ƙusa, na zagaya in ɗauko ruwa, sai na same ta tsaye, tafin hannunta a manne da bango. Na ɗauki guntun katako na rubuta, me kike yi? Ta ce, "Sauraronka nake. Zarto daban, guduma daban. Wannan dai ba kai ba ne, ba ya iya bugu." Ta ce in ta ji shiru ta san ko na gaji, ko an kawo gulma.

Ban san sanda na tsallaka titi ba takalmi ba. Katako yana kai saƙo, soso yana haɗiye shi. Kafinta ne ya kamata ya fara sanin wannan, ga shi sai da mace mai tukunya a wuta ta koya mini. Mun zaunar da ita a kan soso, mun jingina ta da soso, mun naɗe akwatin da soso, sannan muna mamakin ba ta ji ba.

Na ce wa Mai Wayarin a cire duka. Ya dafe ƙirji. Ya ce shekara ashirin yana gina sunansa, in motar nan ta fita tana kaɗawa kamar amalanken mai gwangwani wa zai sake kawo masa aiki? Na ce shi ya yi wa masu kunne aiki, ni kuma mai baya nake yi wa. Muka yi ta yi har Tela ya zo rabo. A ƙarshe ya yarda, bisa sharaɗin duk wanda ya tambaya in ce a wani gari aka yi mini.

Da hannunsa ya ɓare soson, yana tsaki. Muka ɗaure akwatin da noti a jikin ƙarfen but. Na farke bayan kujera, na rage soson ciki, na zura faffaɗan katako mai tauri daidai tsawon bayanta, wanda na sani ba sai da tef ba. Na haɗa shi da akwatin da manyan noti biyu, na mayar da yadi. Na ƙara wani siriri a gefe inda za ta ɗora tafin hannu.

Shigar da ita motar ya fi aikin wuya. Guntun katako uku na cika da roƙo. Ta ce ta gaji da zama abin kallo. Sai da na durƙusa a tsakar gida, gwiwata ta yi ƙara, sannan ta ce, "Tashi, tsoho, kada ka karye a kaina." Ta ɗauki mayafi.

Wannan karon na ce a fara a hankali. Ganga ta buga ta farko. Na ga bayanta ya miƙe. Ta biyu, ta waiwaya kamar wadda aka taɓa. Ta ɗora hannu a kan katakon gefe, ta rufe ido. Can sai ɗan yatsanta ya fara bugawa, kuma daidai yake bugawa, Auta, ko sau ɗaya bai saɓa ba. Sai ƙafa ta karɓa. Ba ta buɗe ido ba ta ce, "Kai, wannan ai mai jan bangon nan ne! Ina ka samo shi? Ƙara!"

Aka ƙara. Motar ta ɗauki rawa, lambar mota tana kaɗawa, madubi yana kaɗawa, wani abu ya faɗo daga ƙasa wanda har yau ba mu san na mene ne ba. Yayarka kuwa ta buɗe baki ta kama waƙar daga inda mawaƙin ya shigo, da ƙarfi, har ta danne wufar. Mai Wayarin ya buɗe gaban mota ya cusa kai wai yana duba batir. Ya daɗe yana dubawa. Da ya ɗago, idanunsa sun yi ja, ya ce ruwan batir ne.

Yanzu kullum da safe sai ta shiga ta yi zaman minti goma kafin ta ɗauki tsintsiya. Sau biyu batir yana mutuwa, ni da Tela muna turi. Mai Wayarin kuma, wanda ya ce kada a ambaci sunansa, shi ne yake tare mutane a titi yana nuna musu motar.

Waƙar safiya ta dawo. Tsakanina da kai, takan hau inda ya kamata ta sauka. Ta tambaye ni ko daidai take fita, na rubuta mata, kamar dā. Ta dubi katakon ta ce, "Ƙarya kake, amma bar shi." Ta ci gaba da shararta.

Ku zo ku gani da idonku. Ba bene a gidanmu, ba ka da hujja. Tana gaishe ku, ta ce in gaya maka har yanzu tana iya ja maka kunne.

In kuma wata rana wani ya ce maka kurma yana jin kiɗa, kada ka yi irin tawa. Direban tanka ne ya fara gaya mini, na ƙaryata shi shekara talatin, Allah ya yafe mini. Wadda ta gaya mini a ƙarshe kuwa, jiya da safe, da tsintsiya a hannunta, yayarka ce.

Naka har kullum,
Kafinta, mijin yayarka