Ranar Da Aka So Soya Ka

Zuwa ga aminina Haruna, wanda aiki ya riƙe a Fatakwal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, na rubuto ne in sauke wani nauyi. Tunda da an yi maka zancen zuwa gida sai ka ce waya ba ta ji, bari in faɗa a wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa, a gaban jama'a.

Ka tuna shekararmu ta ƙarshe a kwaleji, da malamin wasanni ya ce kowane gida ya zaɓi dabba mai ban tsoro, mutum ɗaya ya yi shigarta ya riƙa zuga 'yan tsere ranar gasa? Jan gida suka ɗauki zaki, shuɗi suka ɗauki giwa. Mu 'yan koren gida, 'ya'yan manoman Ketare da Pauwa da Mairuwa, muka ce ba wanda zaki ya taɓa cinye wa gero. Muka zaɓi fara.

Ni ne shugaban gida, kai kuma ka fi kowa dogayen ƙafafu. Mu biyu muka ɗinka buhunan taki a ɓoye, muka yi fiffike da kaba. Sharaɗinka ɗaya ne, kada kowa ya san wanda ke ciki, ni kuma na yi maka alkawari.

Da ka shigo fili kana tsalle, iyayen da suka zo kallo suka zuba maka ido. Wani dattijo daga Sabuwa har a'uziyya ya yi. Zaki na can gefe yana ta gurnani, ko kallo bai ishi kowa ba.

Abin da muka manta shi ne ana cin fara. 'Yan matan jan gida suka aro kasko da yaji wajen mai awara, suka biyo ka suna waƙar a soya, a soya. Sau biyu ka zagaye fili, fiffike ɗaya a hammata, har 'yan tseren gaske ka wuce. Ihun da muka yi ya tada malalatan 'yan tserenmu, muka zo na biyu, mu da kullum muke na ƙarshe.

Tun ranar sunanka ya koma Soyayye. Ka ɗora wa Lawal ɗan Faskari laifin tona ka, har ɗaurin aurensa ka ƙi zuwa, gida ma sai ka ga dama.

Haruna, ba Lawal ba ne, ni ne. Kusa da Baba nake tsaye, mahaifinka da kullum yake cewa kai ba ka da kuzari. Na ji yana gaya wa mutane duk wanda ya haifi yaron cikin buhun nan ya haifi namiji. Wallahi kasa daurewa na yi, na raɗa masa. Shi kuma ya cire hula ya shelanta wa fili duka.

Har Allah ya yi masa rasuwa, ba baƙon da zai zauna a zaurensa bai sha labarin nan ba. In kewarka ta kama shi, da sunan nan da kake gudu yake cigiyarka, yana dariya yana share ido.

Ka yafe mini, ka nemi Lawal, ka taho gida. Ina kewarka.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya kawo mana kai lafiya.

Naka da ya karya alkawari,
Bishir, daga Ƙanƙara.