Cinyar Sa a Gidan Misye Harish

Zongo, Wagadugu

Zuwa ga ƙanena Talha,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki da zafin Dubai, Allah ya ƙara lafiya, ya tsare mana kai. Mu nan ƙalau muke, sai gwiwata da ta riga ni yin ritaya. Uwargida Zenabu tana lafiya, bakinta ma haka.

Yayanka ya sake yin aika-aika. Ka san ɗana Fa'izu ya daɗe yana zaga gari da takardunsa kafin ya samu aiki a shagon Misye Harish, Ba'indiyen nan mai kayan babur. Bana da layya mun yi tarayyar sa da maƙwabta, sai na ce uban gidan ɗana ba zai ci ƙashi ba. Na zaɓi cinya, na ɗaure a bayan ɗan babur ɗina, mobilet. Fa'izu ya roƙe ni kada in kai, wai ba sa ci. Na ce ya rufe mini baki, da idona na ga mutumin yana yagar gasasshiyar kaza a unguwar Tanghin. Har lacca na yi masa da ilimina na firamare, cewa al'ada ce kawai, irin ta Inna mai hana masu ciki ƙwai.

Matar Harish na tarar a gidansu. Ta buɗe ledar a kan teburin kicin, ni kuwa ina washe baki ina jiran godiya. Sai kawai hawaye. Daga baya na ji ta wanke kicin ɗin kaf, farantin ma ta kyautar.

Washegari Harish ya zo har gida. Da faɗa ya yi da na ji sauƙi. Ya zauna a tabarma ya ce maganar kaza ta danganta da gida da gari: dangin matarsa ko ƙwai ba sa taɓawa, shi yana ci a waje, mutanen bakin teku suna cin kifi, kuma duk Hindu ne. Amma saniya a wurinsu kamar uwa ce, wannan ibada ce. Ya tambaye ni yaya zan ji in ya kawo mini alade ranar sallah da zuciya ɗaya. Na ce zan yafe masa bayan na farfaɗo. Shi bai yi dariya ba.

Ba a kori Fa'izu ba tukuna, amma maganar madam ce ke aiki a shagon, kuma ta daina amsa gaisuwarsa. Fa'izun ma tawa da ƙyar yake amsawa. Na gaji, Talha. In yaron nan ya koma zaman gida, ni na mayar da shi.

Harish ya ce madam za ta yarda ta ci abinci a gidanmu ran Juma'a, in dai tukunyar ba ta taɓa ganin nama ba. Zenabu ta sayo sabuwa, za a yi benga, wake da shinkafa, ba dunƙulen magi. Ta ce mai ɗaukar cinya shi zai tsince waken.

Don Allah ka tambayi Indiyawan ɗakinku ko albasa da tafarnuwa suna shiga, ka kira ni kafin Juma'a. Wannan karon zan tambaya kafin in hau mobilet.

Nagoggo da Su'ada suna gaishe ka. Ka gaida Tawfiƙ.

Yayanka mai tsintar wake,
Sayibu