Jakar Kofur Bala

Talata, Bagudo, bayan isha'i

Yau na karanta wa 'yan ajina tsohon gajeren labarin yaƙin nan. Soja ya rasa abokinsa, amma marubucin ya cinye shafi guda a kan yadda ƙafarsa ta kumbura cikin takalmi. Ɗalibata Hauwa'u ta ce, "Malama, wannan ƙarya ce. Ko kuka bai yi ba." Na ce mata marubucin gaskiya ya bi, ba daɗin ji ba. Shekara shida ina ba da wannan amsa, daga baki kawai.

Da na dawo gida na iske Yaya Sani ya zo daga sansanin sojoji na bakin iyakar Benin, da jaka biyu. Ɗaya ta Kofur Bala ce, abokinsa mai kawo wa Inna kifi. Jiya da safe aka yi musu kwanton ɓauna, Bala bai tsira ba.

Na tambaye shi yadda abin ya faru. Ya ce, "Shayi Bala ya ɗora muna, sai aka buɗe muna wuta. Da komi ya lahwa na koma, na iske bai huce ba. Na shanye shi, Rabi. Yunwa nika ji." Daga nan ya nemi sabulu ya shiga wanka.

Gobe zai kai jakar zuwa garin Kende wurin matar Bala, wadda ba a sanar da ita ba tukuna. Ya roƙe ni in raka shi, don a sami mace ta riƙe ta. Na ce to. Na goge hijabina, na zauna ina duba takardun yara, ban ma san makin da nake ba su ba.