Tsinke Biyu daga Gazawa

Gazawa, Litinin

Yaya Farida, don Allah ta ina rezo na intanet yake shiga cikin ordinatar, wato kwamfuta? Na juya ta gaba da baya, ban ga ƙofa ba.

Yi haƙuri, na manta gaisuwa. Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina mutanen Maraɗi, ya ƙafar Kawu? Ni ne Isaka ɗan gwaggonki na Sae Sabuwa. Sati ukku ke nan Inna ta kawo ni wurin Malam Inusa mai buron fotokwafi. Fotokwafi kam na iya, har gaba da baya. To amma mutane suna zuwa a aika musu takardu ta intanet, sai mu ce babu, su wuce gaba. Maƙwabcinmu mai farmasi yana da wifi, ya ba mu lambar sirri. Wayar kowa tana kamawa, ordinatarmu ce kawai kurma.

Jiya maigida ya tafi biki Gidan Rumji. Kafin ya hau mota ya ce mini, "Isaka, akwai wani yaro ɗan garin Agiye mai burbe, takardar gama kwaleji, da ke son kujerar ga. Don mutuncin uwarka na ɗauke ka. In na dawo Asabar injin ya kama rezo, ka zauna. In bai kama ba, ka san hanyar gona." Yaya, ni ko lakol aji huɗu na tsaya, amma wallahi ina son aikin ga.

Wani mushe, malamin makaranta, da ya zo fotokwafi ya ce akwai kati da ake sokawa ciki, iri-iri ne, sai wanda ya yi daidai. Na cire wuta na kwance murfi. Na ga wani ɗan rami baƙi, ba komi cikinsa. Wayata ba ta ɗaukar hoto, shi ya sa na yi yadda Inna ke yi in za a sawo mana takalmin salla: na karyo tsinken tsintsiya na auna. Ga su nan biyu cikin ambulan, Sha'ibu direba zai kawo miki butik, shagon da kike aiki. An ce ke ce gwanar kayan ordinatar. Ki zaɓo mini mai kyau.

Ki gaida Kawu. Naki, Isaka

Maraɗi, Talata

Wa alaikumus salam, taubashina baƙauye.

Muna lafiya, Baba ya ji sauƙi, yana gaishe ka. Saƙo ya iso. Duk butik sai da aka taru kallon tsinkenka. Abokin aikina ya ce a tambaye ka, silifa injin ke so ko sau-ciki?

Amma ban ɓoye maka ba, ɗan gajeren tsinken ya yi aiki. Katunan iri biyu ne a nan: na tsofaffin injuna masu dogon farin rami, da na ƙaramin baƙin rami. Na ɗora tsinken a haƙoran kati, ya zauna daidai da na biyun. Dogon kuwa ban ga amfaninsa ba, na jefar.

Na zaɓo maka mai eriya biyu, tun da akwai bango tsakaninku da mai farmasi. Mai guda ɗaya zai riƙa kamawa yana saki. Na gwada shi da kaina. Yanzu saurara da kyau. Cire wuta tukuna. Taɓa ƙarfen akwatin injin kafin ka taɓa katin. Kada ka riƙe shi ta haƙora. Soka shi a hankali, ba turmi ba ne. In ka kunna, sa kile ɗin USB da na haɗo maka, ka danna abu ɗaya da ke ciki, shi zai gabatar da katin ga injin.

In ka ƙona shi kada ka ce ka san ni.

Yayarka, Farida

Gazawa, Alhamis

Assalamu alaikum Yaya. Ina kwana, ina aiki? Kati ya zo, Allah ya saka da alheri, Allah ya ba ki miji mai mota.

Yaya, akwai magana. Haƙoran sun shiga ramin kamar don shi aka yi su. Amma ƙarfen da ke bayan katin, wanda eriya ke fitowa ta jikinsa, ya fi akwatin tsawo da yatsa huɗu. Akwatinmu siririya ce. Ƙarfen ya hana katin zama sosai, murfi kuma ya ƙi rufuwa. Ai dogon tsinken da kika jefar shi ne awon tagar bayan akwatin, inda ƙarfen ke zama! Mu a gida ba a aika awon tsawo shi kaɗai, sai da na faɗi, in ba haka ba takalmi ya matse. Na ɗauka kowa ya san wannan, shi ya sa ban rubuta ba.

Jiya ko tuwo ban ji daɗinsa ba. Ɗan Agiyen ya leƙo da biro biyu a aljihu, ya ga injin a buɗe, ya ce, "Sannu injiniya, tiyata ake yi?" Na ce ai, zauna kai ne na gaba.

Akwai Baba Tahiru maƙeri a bayan tasha, shi ke yi wa mutane hauya da lauje. Ina tunanin in kai masa katin ya rage shi. Mi kika gani? Jibi ce Asabar.

Naki cikin damuwa, Isaka

Maraɗi, Juma'a

Isaka, salamu alaikum. Kada ka kuskura ka kai katin nan kusa da wuta!

Laifin nawa ne, na amsa. Shekara biyar ina wannan aiki, ban tambaye ka girman akwati ba, ga awo kuma ka aiko na zubar. Ana yin gajeren ƙarfe don irin akwatinku, na juye butik ban samu ba, sai sati mai zuwa.

Duba da kyau, kusoshi biyu ne ke riƙe da ƙarfen a jikin katin. Cire eriyoyin, kwance zoben da ke gindinsu, ka kwance kusoshin. Ƙarfen kaɗai za ka kai wa tsohon, katin ka naɗe shi cikin ledarsa ka bar shi a buro. Ka ce masa ta sama zai yanke, kada ya taɓa ramukan eriya.

Daga yau na daina ce maka baƙauye, har zuwa salla.

Farida

Gazawa, Lahadi

Assalamu alaikum Yaya, ina gajiya. Albishirinki!

Baba Tahiru ya juya ƙarfen ya ce, "Wannan ɗan abin ne ya hana ka cin tuwo? Ko cokali bai kai ba." Ko wuta bai hura ba. Ya yanke, ya lanƙwasa bakin a kan uwar maƙera, ya goge da magagari. Sai ya ce sai ya ga inda aikinsa zai zauna. Ya biyo ni har buro da guduma a hannu, na ce Baba ajiye ta a waje.

Murfi ya rufu. Na sa kile, na buga lambar sirrin mai farmasi. Rezo ya cika taf.

Maigida ya sauka jiya bayan la'asar. Bai ko sha ruwa ba ya zauna gaban injin, ya aika takardar wata malamar asibiti zuwa Yamai, ta tafi. Ya leƙa baya ya ga ƙarfen, ya ce wane kamfani ne wannan? Na ce na bayan tasha. Bai yi dariya ba, bai kuma ce na zauna ba. Ya dai laluba aljihu ya miƙo mini mabuɗin buro, ya ce, "Gobe kai za ka buɗe. Kada in riga ka."

Ki aika wa Inna ta bar wa ƙanena kasona na gona bana.

Zan tafi yanzu Yaya, mutum huɗu ne a kan benci, kuma Sha'ibu yana ta oda a waje.

Naki, Isaka