Akwatin Gilashi da Hoton Inna

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Yaya ciwon bayan nan, ya yi sauƙi? Ni lafiya ƙalau, sai kewarku. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda karatuna ya tsaya.

Hoton Inna yana nan cikin leda biyu kamar yadda kika ce. Ban manta ba, shi kaɗai muke da shi, kuma sai da kika kwana uku kina tunani kafin ki ba ni. In Allah ya yarda zan cire tabon ruwan nan da ya ci mata kunci da gefen baki, in dawo miki da shi haɗe da sabo babba na ratayewa a bango.

A shago aikina yanka hoto da sa shi a firam. Maigidana, Baba Mai Hoto ake ce masa, yana koya mini gyara a kwamfutarsa, amma da kwastoma ya leƙo sai in tashi. Shi ya sa na ce bari in haɗa tawa a ɗaki da ɗan abin da na tara. Ashe guntu-guntu ake sayenta kamar kayan keke. Na je wurin wani da ake kira Injiniya, ya zube mini kaya a tebur, wai wannan ƙwaƙwalwa, wannan ram, wannan katin hoto. Ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, wallahi ban gane rabi ba. Ya ce ram kamar faɗin tebur ne, in ya yi kaɗan aiki sai ya riƙa zubewa ƙasa. Wannan kam na gane.

A kan akwatin da ake zuba kayan muka saɓa. Akwai baƙi na ƙarfe mai fanka uku, in na ɗauke shi kuɗina za su kai in haɗa da allo mai kyau, wato fuskar kwamfutar da ake kallo. Akwai kuma mai gilashi a gefe, yana fitila ja da shuɗi, fankarsa ɗaya 'yar mitsitsiya, in na ɗauke shi sai dai tsohon allon ofis. Injiniya ya tambaye ni kwamfuta nake so ko shagon aski. Baba ma ya ce mai gyaran hoto allo yake fara saya, don shi ne idonsa. Na ji su, Yaya. Amma tun da nake ban taɓa mallakar abu mai kyau haka ba. Na ɗauki mai gilashin.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Auta


Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata duk kuna lafiya. Na ji daɗi da kika ce bayan ya saki.

Saƙonki ya iso. Aikin hoton yana tafiya, sai dai zai ɗan ƙara kwana. Kwamfutar tana aiki, zafi kawai take yi, ɗakin kuma taga ɗaya ce. Ki daina tayar da hankalinki. Kar ki turo direban da ke kai mana saƙo tukuna, ni zan faɗa miki.

Ki shafa mini kan 'yan biyu.

Naki,
Auta


Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Allah ya sa takardar nan ta same ki zaune.

Yaya, wancan karon ƙarya na yi miki. Lokacin da na rubuta, abin ya riga ya faru da kwana biyu.

Ga yadda aka yi. Na ɗauki hoton a na'urar shago ya shiga kwamfutata, sai na rasa inda zan ajiye na takardar. Ɓeraye sun dame ni a ɗakin, sun ci min gefen littafi, rufin kuma yana ɗiga ta wajen ƙofa. Na duba duk ɗakin, babu wurin da ya kai cikin akwatin nan tsaro, ƙusa huɗu ke rufe shi. Sai na cire hoton daga leda, na jingina shi a jikin gilashin daga ciki, fuskarta tana kallon waje. Ba zan ɓoye miki ba, har da son in riƙa ganinta. Ke kin yi shekara goma sha ɗaya da ita, ni ina wata bakwai ta rasu. In na zauna aiki fitilar tana haska ta, sai in ji kamar tana lura da ni. Har gaishe ta nake yi in na dawo daga shago.

Sati uku tana ciki. Akwatin in ka taɓa shi kamar murfin tukunya, ni kuma ban kawo komai a raina ba. Da na zo cirowa sai na ga hoton ya manne. Baba ya ce da gilashin na kwance na kawo masa yadda yake, da akwai dabara. Ni farce na sa na ja. Takardar ta taso, fuskar ta tsaya a gilashi, tana marmashewa kamar tsohon fenti. Abin da ya rage a takardar ɗankwalinta ne, da kafaɗa, da hannunta ɗaya.

Na ce to ai akwai na cikin kwamfuta. Na kai shago muka wanke. Yaya, a allona lafiya lau take, a takarda kuwa ta fito ja-ja-wur, fuska sumul kamar 'yar tsana. Ashe allon ƙarya yake mini tun ranar farko, ina ta ƙara launi ina gogewa a kan ƙarya. Baba ya tambaye ni ina na farkon, wanda ban taɓa ba. Ban ma san ana ajiye na farko daban ba. Kullum in na gama sai in danna ajiye a kan wancan. Na shago kuma an share shi tuni. Baba bai yi faɗa ba, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Da ma zagina ya yi.

Shi ya zauna da kansa ya daidaita launin a allonsa. Amma ya ce kunci da baki aikina ne, ba shi da abin da zai duba ya mayar. Kuncin daga ɗaya kuncin na kwafo. Gefen bakin kuwa, hotonki na waya na riƙa kallo, tunda kowa cewa yake ke ce kamanninta. Yanzu in na kalla ban san ina Inna ta ƙare ina kika fara ba.

Na koma wurin Injiniya, bai ce ai na faɗa maka ba. Ya ƙara mini fanka biyu, akwatin ya yi sanyi. Ihu bayan hari.

Ga su nan a ambulan na ba direba, ragowar tsohon da wanda muka wanke. Ban iya kawowa da kaina ba, ba zan iya tsayawa ina kallonki kina buɗewa ba. Kin riƙe shi shekara ashirin ko lanƙwasa bai ƙara ba, ni wata biyu.

Ba yafiya na fara roƙo ba, wannan sai kin huce. Ki fita waje da sabon hoton inda haske yake, ki dube shi da kyau. Ita ce? In ba ita ba ce ki faɗa mini inda na kauce, baki ne, ido ne, ko yadda take murmushi. Baba ya ce zai bar mini allonsa duk ranar da ba kwastoma, ki riƙa faɗa ina gyarawa, ko sau nawa ne. Babu wani hoto kuma, babu wanda zan tambaya. Ni duk abin da kika ce ita ce, shi zan riƙe har in mutu. Don Allah, Yaya, kar ki yi mini kara.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Auta