Kwanar da Aka Ƙwace Mini

Zuwa ga mijina na wasa, Mutawakil,

Assalamu alaikum. Kafin gaisuwa ga kacici-kacici: mene ne na ajiye a bakin titi, ba shi da nauyi, ba ya shiga jaka, na dawo na tarar an ɗauke? Yi ta tunani, mai digiri.

Ina fata kana lafiya, Allah ya ƙara maka kwarjini a Ankara, babban birnin ƙasarmu. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke ta ƙorafi. Ƙanwarka Basiratu ta haihu, namiji, kansa irin naka, Allah ya sawwaƙe.

Shekara bakwai na yi a Kumasi wurin gwaggonka, na dawo Tamale na zama baƙuwa. An ɗora titi a kan titi a tsakiyar gari. Dajin Vittin da muke zuwa itace duk ya zama gidaje masu katanga. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, a tasha na shiga yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, na ce wa direba ya kai ni Kwanar Mma Zuhuratu a unguwar Tishigu. Ya ce bai san ta ba. Ni da na yi shekara ashirin ina sayar da koko da ƙosai a wurin, har 'yan tasi suka riƙa kiran kwanar da ni! Da na kwatanta masa, sai ya ce ai Kwanar Sala nake nufi, ya nuna mini a taswirar wayarsa, a rubuce.

Sala fa, wadda ni na koya wa tace gasara. Yanzu tana da shago mai gilashi da fanka, 'yan babur na kai wa mutane kokonta har unguwar Dungu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta zubo mini kofi guda. Na sha ina neman aibu, ban samu ba. Ya fi nawa, amma in ka faɗa wa kowa na sake ka.

Tunda kai ka san cikin waya, ka shiga ka goge ta ka mayar da ni. In ba ya yiwuwa, kada ka gaya mini.

Ka gaishe da Mubarika da kawunka Masahudu. Fuseini na gaishe ka.

Kakarka kuma uwargidanka,
Zuhuratu

Amsar kacici-kacicin ita ce sunana. Yanzu daga ku jikoki sai likitan gwiwa ke kiransa.